Kaurin Farce Tsakanin Wili da Birki

A wani gareji da ke bakin hanyar Isa a garin Sabon Birni, akwai wani dattijon makanike wanda ya yi shekarun ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo. Wata rana da hantsi wani saurayi ya shigo masa da Fijo 504 wadda ya gada daga mahaifinsa, ga kuma wili huɗu masu ƙyalli a bayanta, waɗanda ya sayo a wajen masu tsofaffin kayan mota a Maraɗi. Bukatarsa ita ce a cire na ƙarfen da motar ta zo da su, a ɗaura waɗannan.

Ba a ga laifin saurayin ba, domin kuwa motar ta isa a yi mata ado. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa Fijo a Kaduna. Ita ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu kuma, wadda aka yi domin gudu da ƙawa, ta sake lashe shi a 1978. Saurayin ya san wannan labari sarai, burinsa tasa ta yi kama da waccan.

To, amma Fijo 504 tana da wata tsiya. Ramukan notinta huɗu ne, a kan da'ira mai faɗin milimita 140, alhali yawancin ƙananan motoci nasu 100 ne ko 114. Saboda haka ba kowane wili ke shiga ba, sai na 505 ko na tsofaffin Subaru. Na Subaru ɗin saurayin ya samo, ya auna ramukan da tsinke, ya ga sun yi daidai, ya biya kuɗi. Abin da bai auna ba shi ne cikin wilin, watau inci 13 ne, na motar kuwa 14.

Dattijon ya ɗaga motar da jak, ya ɗaura guda a gaba, ya juya da hannu. Sai aka ji ƙii, ƙii, kamar ana wasa wuƙa. Birkin wannan mota na faifai ne. Akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, wanda makanikai ke kira kalifa, da ke cije faifan idan an taka, a cikinsa kuma man birki ke tura fistin. Wannan ƙarfe a cikin kwarmin wili yake zaune, shi ne sabon wilin ke guga.

Saurayin ya ce, "Baba, ai ɗan kaɗan ne. A sa inji a gurje kalifar mana."

Dattijon bai tanka ba. Ya aiki yaronsa ya ɗebo laka, ya mulmula, ya manna a bayan kalifar, ya mayar da wilin, ya juya, ya sake cirewa. A wuri guda lakar ta shafe ƙaf, a sauran wuraren kuma abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Ya ce, "Ɗana, wannan a tsaye ke nan, bisa jak. In ka sha kwana da kaya wili yana lanƙwasa, in birki ya yi zafi ƙarfe yana buɗewa, ga boris ɗinka ya soma wasa, ga yashin Gobir da ke neman wurin maƙalewa. In na gurje ta kuwa, bangon da ke riƙe da mai na rage."

Sai saurayin ya kawo shawarar a sa farantin ƙarfe a tsakani don wilin ya fito waje. Nan ma dattijon ya girgiza kai. Farantin yana maganin gugar gefe ne, nasu kuwa daga sama ake guga. Bugu da ƙari yana cinye tsawon zaren da noti ke kamawa, ya ƙara wa boris nauyi.

Wanda bai san yankin ba zai ce taurin kai ne irin na tsofaffi. Amma mutanen Sabon Birni ba su manta da Disamban 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone matafiya a cikin motarsu wajen Gidan Bawa. A wannan hanya direba yana tsoron birki ya ƙi kamawa, yana kuma tsoron ƙafa ta cije motar ta tsaya a dokar daji.

Sun daɗe suna ja-in-ja. Saurayin ya lissafa kuɗin da ya kashe da wahalar ƙetare iyaka, har ya ce zai kai wa wani. Dattijon ya ce ga hanya nan, amma shi ya riƙa gyara wa mahaifinsa wannan mota, ba da hannunsa za a gurje mata birki ba.

Da la'asar aka wanke tsofaffin wilin da kananzir, aka fesa musu fenti ruwan azurfa, aka mayar. Masu ƙyallin nan huɗu kuwa an jingine su a bangon gareji, ana jiran mai Subaru.