Lamba Takwas na Gidan Kallonmu

Lokacin da gidan kallon ƙwallo ya fara kama ƙasa a yankinmu, mu matasan Sakajiki ba mu da abin jira a mako kamar yammacin Asabar. Rumfar kwano ce da benci-benci da talabijin da janareta mai tari. A bakin ƙofa a jingina allo, a rubuta wasannin ranar da alli. Idan man inji ya ƙare ana tsakiyar wasa, sai a yi karo-karo a tura yaro da galan. Hutun rabin lokaci kuwa na sallar La'asar ne. Babban wasan dare kuma, a hau mashin uku-uku a nufi Kaura Namoda bayan Isha'i, ba wanda ke tunanin hanya.

Yawancinmu ba don Turawa muka shiga Chelsea ba. Akwai Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, sannan a 2006 Mikel Obi ɗan Jos ya zo. Namu muka bi, muka tarar da Frank Lampard a tsakiyar fili da lamba takwas a bayansa, shi kuma ya riƙe mu.

Da farko ba ya cika ido. Mu da muka taso da yankan Okocha, ɗan wasa a wurinmu shi ne wanda zai zaunar da mutum ƙasa a yi ihu. Lampard ba ya yanka, ba shi da gudun a zo a gani. Wani kawuna mai goyon bayan Arsenal, wanda ba ya raga mana, shi ya fi kowa gane shi. Yakan ce, "Kai ɗana, wanga yaro ba gwaninta gare shi ba, naci gare shi. Duba shi, ko yaushe sai an manta da shi yake isowa." Haka abin yake. Drogba ɗan gabanmu zai ja masu tsaron baya, ƙwallo ta dawo bakin da'ira, sai ga lamba takwas ya taho daga baya ya narka ta a raga.

Nacin nan gado ne da horo. A West Ham ya tashi, inda mahaifinsa ke mataimakin koci, kocin kuma Harry Redknapp mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa ne. Saboda haka wasu magoya bayan ƙungiyar suka riƙa yi masa gorin cewa alfarma ce ta sa shi a fili. Da Chelsea ta saye shi a 2001 kan fam miliyan 11, da yawa sun ce an yi asara. Shekara huɗu bayan nan, a filin Bolton, shi ya ci ƙwallo biyun da suka ba Chelsea kofin gasar Ingila na farko cikin shekara 50. A wannan shekarar ta 2005 Ronaldinho kaɗai ya sha gabansa a zaɓen Ballon d'Or.

Daren da ya fi zama mini a rai na Afrilun 2008 ne, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Liverpool. Ko mako ba a yi da rasuwar mahaifiyarsa ba. Aka shiga ƙarin lokaci, aka ba Chelsea fanareti, ya ɗauki ƙwallo ya dasa. Rumfar da ba a jin maganar juna ta yi tsit, sai ƙarar inji. Ya buga ta shiga, ya ruga gefen fili ya durƙusa yana sumbatar baƙin ƙyallen da ke damtsensa, yana kuka. Wani dattijo ɗan Liverpool da ke gabana, wanda ya kwana biyu yana yi mana barazana, ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ba shi haƙuri. Uwa ba wasa ba ce." Ranar ba a yi wa kowa tsiya a hanyar gida ba.

Sauran kuwa mun gani da idonmu: ƙwallon da ya ci Jamus a Kofin Duniya na 2010, ta haye layi ƙarara alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, abin da ya hanzarta kawo na'urar tantance layin raga, kofin Turai na 2012 a Munich, inda ya ɗaura kambun kyaftin saboda an dakatar da kyaftin ɗinmu Terry, da ƙwallo 211 da ya bar wa Chelsea, adadin da ko 'yan gaba ba su kai ba a tarihin ƙungiyar.

Zamanin kocinsa ya zo daidai da lokacin da dare ya daina zama namu. Rashin tsaro ya hana tafiyar Kaura bayan magariba, kallo ya koma kan waya, har a 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara muka koma jin sakamako a rediyo kamar iyayenmu. Ta haka muka bi shi daga nesa. Ya fara da Derby a 2018, saura ƙiris ya hau da su Firimiya, Aston Villa ta tare shi a Wembley. A 2019 Chelsea ta kira shi alhali an hana ta sayen 'yan wasa, sai ya ɗauko yaran gida, su Mason Mount da Reece James da Tammy Abraham da Fikayo Tomori, ya ƙare na huɗu. A Janairun 2021 aka sallame shi, bayan wata huɗu Tuchel da ya gaje shi ya ci kofin Turai da yaran nan. A Everton ya tsirar da su daga faɗuwa, ya mai da Alex Iwobi tsakiya har tauraronsa ya haska, amma shekara guda aka kore shi. Riƙon ƙwaryar da ya koma yi a Chelsea a 2023 kuwa, wasa ɗaya ya ci cikin 11.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ɗan wasa kansa zai fitar, koci kuwa sai ya fid da mutum goma sha ɗaya, kowa da halinsa. Sanin lokacin isowa bakin raga abu ne da ke jikin Lampard, kuma ba a zuba wa wani shi da baki.

Yaran yanzu sun san shi ne a matsayin kocin da ake kora, har dariya suke idan na yabe shi. Ni kuwa abin da nake nuna musu shi ne Nuwamban 2024. Mutumin da ke da dukiyar da zai zauna yana sharhi a talabijin ya sauka rukuni na biyu ya karɓi Coventry tana ta 17, ya ƙare kakar da ita tana ta biyar. Wanda aka yi wa gorin alfarma yana yaro ya amsa da aiki, ba zan yi gaggawar yanke masa hukunci a kan benci ba.