Wayar da Na Buga wa Mijin Ƙanwata

Ƙanwata ta yi yaji da 'ya'yanta biyu, ta sauka a gidana, don ta san in ta je wajen Baba zai ce ta koma tun ba ta ajiye jaka ba. Mijinta ɗan sa-kai ne, yana da bindiga ƙirar gida da yake fita sintiri da ita. Duka ba sabon abu ba ne. Mun sha ji, mun sha ba ta haƙuri. Amma wannan karon bindigar ya ɗauko, ya ɗura ta a gabanta, ya ce ranar da ta sake kai ƙararsa, da yaran zai fara.

"Don Allah Yaya, kada ya ji na faɗa maka," in ji ta.

Washegari na buga masa waya. A ganina maganar maza ce, in ja masa kunne ya shiga taitayinsa. Na maimaita masa kalamansa ɗaya bayan ɗaya. Ya rantse sharrin Shaiɗan ne, ya turo dattawa biko, ni da kaina na mayar da ita. Ban tambayi inda bindigar take ba. Abin da wayar ta yi kawai shi ne ta sanar da shi cewa matarsa ta tona. Ya ƙwace wayarta, ya hana ta fita, har daren da ya harba sama a tsakar gida yaran suna kwance, maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Da haƙurin zaman aure na auna lamarin, alhali ya wuce nan. Binciken da Jacquelyn Campbell ta jagoranta a Amurka a 2003 ya gano cewa haɗarin kashe mace yana ninkuwa kusan sau biyar idan mai dukanta yana da bindiga. Kuma lokacin da ya ga tana shirin tafiya ya fi kowane lokaci haɗari. Daidai wannan gaɓar na miƙa ta.

Hanyoyi kuwa suna nan. Dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015, wadda jihohi da dama har da Kaduna suka yi tasu, ta ba kotu ikon hana mutum kusantar wadda yake zalunta. Lauyoyin FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, suna tsaya wa mata kyauta. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, alƙali yana raba aure saboda cutarwa ko mijin bai so ba. Ni mai tinƙaho da karatu, ban tuna da ko ɗaya ba, saboda kunyar a ce mun kai suruki kotu.

Daga baya alƙali ya raba auren, yaran suna hannunta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai da ta tashi canza gari, Gwaggo ta gaya wa inda za ta, ta roƙe ta kada ta faɗa mini.