Mahayan da Ba Su da Doki

Ni dai in na ga hoton soja, wuyan rigarsa nake fara dubawa kafin bindigarsa. Ku ɗauki sojojin Holan masu motocin sulke a shekarar 1940. Kakinsu ruwan toka ne mai sirkin kore. Hular kwanon sojan ƙasar tana da tambarin zaki a goshi. Hafsa kuwa a kwala yake maƙala taurarinsa, ba a kafaɗa ba kamar namu. In kun ƙirga uku, kyaftin ke nan.

Sai dai ba kyaftin ake ce masa ba. Rundunar reshen sojan doki ce, don haka sunan muƙaminsa ritmeester, wato ubangidan mahaya, alhali abin hawansa Landsverk ce, motar ƙarfe ƙirar Suwidin mai ɗauke da igwa. Sai ya tuna mini da Madawaki, wanda yau a mota yake zuwa fada.

Wani zai yi dariya, ni ban yi ba. Ranar 10 ga Mayu 1940, da Jamusawa suka diro da laima a filin jirgin saman Ypenburg, kusa da birnin Hague, waɗannan mahayan suna cikin waɗanda suka tare su da wuta.