Ina Nan Inda Kuka Bar Ni

Zuwa ga ƙanena,

Mu nan lafiya ƙalau, sai zafin da ka sani na wannan lokaci, da wutar lantarki mai leƙowa ta koma.

Saƙonka na murya ya iso. Ka ce zamani ya bar ni a baya: mutanenmu duk sun koma TikTok, wasu X, ni kuma ina nan ina zuba dogon rubutun da ba kowa ke da haƙurin kaiwa ƙarshensa ba. Ka ce in riƙa tsakuro abin da na rubuta in faɗe shi da baki cikin minti ɗaya, kai kuma ka ɗauka, ka gyara, ka ɗora. Na gode da tayin, na san ƙauna ce ta kawo shi. Sai dai amsata ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa ka ga wasiƙa.

Kana da gaskiya cewa an watse. Lokacin da kake sakandare, ni da abokaina maƙala muke rubutawa a sashen Notes na Facebook, wani ya mayar da martani da tasa maƙalar, a shafe mako ana kai-komo kan ajami da boko, ko kan waƙa da rawa a finafinan Kano. Yau ɗaya turare yake tallatawa a WhatsApp, ɗaya ya zama mai nasiha a TikTok, ɗaya kuma sojan baka ne a X, kullum da wanda zai yi wa raddi kafin ya karya kumallo. Ban ga laifinsu ba. Mai magana inda masu saurare suke yake bi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce can ɗin da suka koma wurin zama ne. Na girme ka, na ga ƙaura iri-iri. Wajen 2012 matasan Najeriya 2go suka sani, manhajar wani kamfani na Afirka ta Kudu, a ƙananan wayoyin Nokia, ana raba dare don tauraro ya cika. Masu kuɗi-kuɗi suna BBM, gaisuwarsu ita ce a ba su PIN. An rufe BBM a ƙarshen Mayun 2019, kusan wata biyu bayan Google ya rufe nasa dandalin, Google+. Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Yahoo. Tun 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a can, inda malamai da marubuta da 'yan fim suka yi muhawarori masu nauyi a intanet. Yahoo ya share abin da aka tara a zaurukansa, ya ja ƙofa a Disambar 2020. A Oktoban shekarar Facebook ya daina karɓar sabon rubutu a Notes. OkadaBooks, inda marubutanmu mata da yawa suka sayar da littattafansu, ya rufe a Nuwambar 2023.

Ba ma sai kamfani ya mutu ba. Ai kana nan gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a Yunin 2021, aka shafe wata bakwai sai da VPN ake shiga, har Janairun 2022. Kafin shekarar ta ƙare Elon Musk ya saye shi dala biliyan 44, a 2023 ya canza masa suna zuwa X, ya canza dokokinsa yadda ya ga dama. Rumfar haya ce, ƙanena. Kai ka kawo kaya, kai ka jawo masu saye, amma ranar da mai kasuwa ya ce a tashi, ko mutum ɗaya cikin mabiyanka ba ka da ikon ɗauka ka tafi da shi.

Amma ko da za a yi mini rantsuwa cewa TikTok zai shekara ɗari, ba na jin zan koma, kuma wannan ne ainihin dalilin. A can ba kai ke zaɓar wanda zai ji ka ba. Na'ura ce ke auna daƙiƙa nawa mutum ya tsaya kafin ya ture ka da yatsa, sannan ta yanke hukuncin ko a nuna ka ga wasu. Don haka dole ka fara da abin da ya fi zafi, ka yar da duk wani “amma”. Ni kuwa rabin abin da nake rubutawa “amma” ne. Ɗauki rubutuna kan almajirci da ka ce ya yi tsawo. Na ce yaro ɗan shekara shida bai kamata ya kwana a titi yana bara ba. Na kuma ce tsangaya ta rayu ne a da saboda gari yana ciyar da ita da zakka da hatsin gona, kuma abin ya lalace ne lokacin da wannan igiya ta tsinke, aka bar malam da yara da yunwa. Ka yanke ɗaya ka ɗora, zan zama maƙiyin karatun allo. Ka yanke ɗayan, zan zama mai kare bara. Duka biyun za su samu masu kallo, duka biyun kuma ƙarya aka yi mini. Kuma ni kaina sai na rubuta shafi na uku nake gane abin da nake nufi a shafi na farko. Wanda ya saba da minti ɗaya, a hankali tunaninsa ma yakan tsaya a minti ɗaya. Na ga hakan a wasu abokaina masu kaifin basira, kuma abin yana damuna fiye da rashin masu karatu.

Masu karatun nawa kaɗan ne, ban musa ba. Akwai wani malamin makaranta a Maraɗi da ke turo mini gyara, da wata ɗaliba da ta nemi abin da na rubuta shekarun baya don aikinta na jami'a, ta kuma same shi yadda na bar shi. Kowane rubutu ina da kwafinsa a kwamfuta, ƙarshen shekara in buga a takarda in kai a ɗinke. Ka duba Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939: wasiƙun da talakawa suka aika wa editanta Abubakar Imam har yau masu bincike suna zaƙulo su suna karantawa, haka ma dogayen wasiƙun da shi Imam ya rubuta wa tsohon gwamna Lugga bayan tafiyarsa Ingila a 1943. Wa zai nemo maka abin da ka faɗa a 2go?

Kada ka ɗauka raina sana'arka nake yi. Mu mutanen kunne ne tun fil azal. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, kuma har gobe akwai gidajen da rediyo ce jaridarsu. Inna ba ta karanta boko, bidiyonka take gani, rubutuna kuwa sai an karanta mata. A nan ka fi ni, nesa ba kusa ba. Idan kana son wani rubutu nawa, ɗauka ka karanta shi da muryarka, amma dukansa, ko da zai kai kashi biyar. Tsakure ne ban yarda ba.

Ga kuma aikin da nake so mu haɗa hannu a kai. In za ka zo hutun Sallah, ka taho da wayar nan taka mai kyau da ɗan makirfon. Inna ta fara mantuwa, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga farin 1973 a garinmu da idonsu: yadda shanu suka ƙare, da mutanen arewa da suka sauko da raƙuma, da abin da aka ci a shekarar. Kai ka ɗauki muryarta, ni in zauna in rubuta shi kalma bayan kalma. Ka zo da katin ajiya mai girma, don ka san in ta fara ba ta tsayawa.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka ce wa babbar ina jiran wasiƙar da ta yi mini alkawari.

Naka,
Yayanka