Haƙoran da Ba Su Ji Labarin Sulhu Ba

Mai ɗakina ce ta fara ji. Ta ce cikin dare wata ƙara ke fita daga bakina, kamar ana ɓarzar masara a kan dutsen niƙa. Na musanta, domin mai barci ba ya zama shaida a kan kansa. Amma kowace asuba nakan tashi muƙamuƙina a sage, kaina yana sarawa ta gefen kunne, jikina kamar na kwana ina huɗa. Har gyangyaɗi ya fara kama ni a gaban ɗalibai, abin kunya ga malamin da ya kusa ajiye aiki.

Abin ya faro ne a shekarun da dazukan Kamuku da Kuyambana suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Duk mutumin Birnin Gwari ya san irin barcin lokacin: kunne ɗaya a kan matashi, ɗaya yana sauraron ƙarar babur.

Sai da turmin haƙorina ya tsage sannan na yi ƙundumbala na bi hanyar Buruku zuwa Kaduna. Likitan haƙori ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana, inda gaɓar muƙamuƙi take, ya ce in buɗe baki. Muka ji ƙas! Ya bayyana mini cewa fargaba kan sa mutum ya riƙa datse haƙora yana gurza su cikin barci, kuma gurzar kan zo tare da 'yar farkawar da ba a tunawa da safe. Ciwon gaɓar ya hana barci nauyi, ƙarancin barcin ya ƙara ciwon. Ya auna mini wata roba da zan riƙa sawa a baki da dare, ya ce in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in bar rake da kilishi. Ya kuma raba ni da goro, saboda taurinsa da sinadarinsa mai korar barci. Wannan hukuncin ya fi mini zafi.

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara, manyan motoci suka dawo hanya. Na koma gonata. Sai dai robar nan, ta biyu ke nan nake cinyewa. Daren jiya ma mai ɗakina ta tashe ni, ta ce na soma. Babur ne ya wuce ta bayan gida, ɗan maƙwabcinmu yana dawowa daga kallon ƙwallo.