Mun Kai Yara Ikko Ganin Teku

A shekarar 1988, ina da shekara 9, mahaifina wanda ke aikin reluwe a Kafanchan ya tafi da ni Ikko cikin jirgin ƙasa. Na manta yawancin abin da na gani a wannan tafiya, amma ban manta ranar da ya tsayar da ni a bakin teku ba, a wurin da ake kira Bar Beach. Tun daga lokacin da Allah ya ba ni 'ya'ya nake ba su labarin wannan ruwa, har suka haddace shi. Kakarsu kuwa kullum takan ce ba ta yarda akwai ruwan da ba shi da ƙetare ba, balle a ce duka gishiri ne.

Muka yi shekara biyu muna ajiye ɗan abin da ya samu. Da hutun Disamba na 2024 ya zo, muka shirya mu biyar: ni, da uwargida, da babban yaronmu mai shekara 10, da ƙanwarsa mai shekara 7, da Auta mai shekara 4. Ƙanen uwargida yana zaune a Agege, shi ya ce mu sauka wurinsa.

Da yake ni malamin makaranta ne, sai na ɗauki takarda na jera wurare 12 da za mu gani cikin kwana biyu, kowane wuri da lokacinsa da tarihinsa. Uwargida ita ma ta ɗauki takarda, ta yanka uku, ta rubuta sunan kowane yaro da lambar wayata, ta maƙale musu da fil a cikin riga. Na yi mata dariya, na ce, "Sai ka ce buhunan masara za a kai tasha." Ba ta ce mini kome ba.

Muka kwana a Abuja, da asuba muka yi addu'a muka hau bas. Muka haye kogin Kwara kusa da Lakwaja, muka bi ta Okene da Ibadan, ba mu shiga Ikko ba sai da dare ya yi nisa.

Kashegari kawun yara ya ɗauke mu cikin motarsa. Muka hau gada ta uku wadda ta haɗa babban gari da tsibiri. Tsawonta ya kusa kilomita 12, an buɗe ta a 1990, wato bayan zuwana na fari. Dama da hagu ruwa ne shimfiɗe, ga masunta cikin kwale-kwale, ga gidajen Makoko a kan turaku cikin ruwa. Auta ta yi tsalle ta ce, "Baba, ga teku!" Maimakon in bar ta da murnarta, sai na gyara mata kamar ina cikin aji. Na ce wannan tafki ne kawai, teku tana gaba. Ta koma ta zauna.

Muka fara da Dandalin Tafawa Balewa, inda dā filin sukuwa yake, inda kuma aka yi bikin samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Na yi bayani mai tsawo, har da yadda Ikko ta zama babban birnin ƙasa kafin a koma Abuja a Disamba 1991. Yara dai idonsu na kan siffofin fararen dawakai da jajayen gaggafa da ke bisa ƙofa.

Daga nan muka taka zuwa gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka kafa a 1957. A can ne aka ajiye baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Babban yaron ya daɗe tsaye a gabanta, bai ce uffan ba. Muka kuma ga kawunan yumɓu na Nok, irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a yankinmu a 1928, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Yarinya ta tsakiya ta ce, "Ashe kayan garinmu sun riga mu zuwa Ikko." Ina so in tsaya mu yi wannan taɗi, amma na dubi agogo na ga mun makara, sai na kaɗa su waje.

Auta ta sake tambaya, "Baba, ina tekun?" Na ce wa kawunta ya kai mu Bar Beach. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ai babu Bar Beach yanzu." Ban yarda ba sai da muka bi titin Ahmadu Bello a tsibirin Biktoriya na gani da idona. Inda na tsaya da mahaifina, shinge ne da ƙofa da dogayen benaye. Teku ta yi shekaru tana cin gaɓa har tana hawa titi, saboda haka tun wajen 2008 aka shiga zuba yashi ana tura ta baya, aka gina katangar duwatsu, aka kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Raina ya ɓaci ƙwarai, gama wurin da na yi wa yara alkawari ya shuɗe. Sai na duba takardata na ce mu wuce wuri na gaba.

Wuri na gaba shi ne babban cocin Angalikan da ke titin Marina, wanda aka aza harsashinsa a 1925 aka gama a 1946. A nan ƙasusuwan Samuel Ajayi Crowther suke, yaron da aka kama bawa, aka 'yantar da shi, ya zama bishop a 1864. Rana ta take, yara sun gaji, tun safe ba su ci abin kirki ba. Uwargida ta ce in riƙe Auta za ta sayo ruwa. Na saki hannun yarinyar domin in nuna wa yayyenta hasumiyar agogo, na shiga ba su tarihi. Da uwargida ta dawo ta ce, "Malam, ina Auta?"

Ya mai karatu, idan ba ka taɓa tsayawa a Marina da rana tsaka ba, ba za ka gane abin da na ji ba. Motocin danfo masu ruwan ɗorawa suna ta ƙaho, 'yan kamasho suna ihu, mutane suna kwarara ta kowace fuska, babu mai duban wani. Na yi gabas, kawu ya yi yamma, uwargida ta rungume sauran biyun tana kiran sunan yarinyar. Na tambayi mai gadi, na tambayi masu talla, kowa ya girgiza kai. Duk shekarun da na haddace suka gudu daga kaina, abin da ya rage a bakina shi ne, "Ubangiji, ka yi mini jinƙai."

Bayan kamar minti 20 wayata ta yi ƙara. Muryar wata mata ce, tana magana da Turancin kasuwa, ta ce in zo gindin gadar jirgin ƙasa. Na tarar da wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da lemo, ta zaunar da Auta a kan kujerarta tana shan lemo. Ashe yarinyar ta hango wani jirgin ruwa ta tsakanin motoci, ta nufi wajen ruwa ita kaɗai, har ta sa ƙafa za ta ƙetare babban titi matar nan ta fizgo ta. Ba sa jin harshen juna, amma da ta ga fil a wuyan riga sai ta juya, ta ga takarda. Na durƙusa na ce, "Mama, na gode." Na miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, ta kama kunnenta ta nuna mini hannun yarinyar. Na gane faɗan sarai.

Da dare uwargida ba ta tuna mini da buhunan masara ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, teku ta ce tana so tun safe." Na fito da takardata na ninke ta na sa a ƙasan jaka.

Rana ta biyu wuri ɗaya muka je. Kawu ya kai mu inda ake shiga ƙaramin jirgi mai inji zuwa Tarkwa Bay, gaɓar da ke daidai bakin mashigin jiragen ruwa. Babu wanda aka bari ya hau sai ya sa rigar hana nutsewa, uwargida kuma ta ƙi tashi sai da aka samo ƙarama daidai Auta. Cikin kamar minti 20 muka isa.

A nan ne na gane abin da ya cinye Bar Beach. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka jera dogayen ganuwar duwatsu cikin teku domin kada yashi ya toshe hanyar jirage. Igiyar ruwa tana kwaso yashi daga yamma zuwa gabas, ganuwar ta tare shi, sai ya taru a yamma, gaɓar gabas kuwa ta yi ta zaizayewa. Duwatsun nan ne kuma suke karya ƙarfin raƙuman ruwa a Tarkwa Bay, shi ya sa wurin ya fi sauƙi ga yara. Duk da haka ban bar kowa ya wuce gwiwa ba, hannun Auta kuwa yana cikin nawa.

Da ruwa ya taɓa ƙafarta ta yi kururuwa ta gudu, ta dawo, ta sake gudu, haka har rana ta yi sanyi. Can sai ga wani ƙaton jirgi maƙare da kwantena ya shigo a hankali, ya nufi wajen Apapa da Tin Can inda ake sauke kaya. Tsayinsa ya fi kowane gini a garinmu. Wannan karo na kame bakina. Babban yaron ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Baba, me ya sa ƙusa takan nutse, wannan kuwa ƙarfe ne bai nutse ba?" Na ɗauki kwanon abincinmu na sa a ruwa, ya yi ta yawo. Muka riƙa zuba masa yashi kaɗan kaɗan yana sauka, har ya nutse. Yaron da kansa ya ce, "Faɗinsa da iskar cikinsa ne suka riƙe shi." Na koyar da wannan darasi a allo sau da yawa, ban taɓa ganin ya shiga da sauri haka ba.

Iyaye 'yan'uwana, idan kuna shirin kai yara babban birni, ga abin da na koya da tsada. Ku sa wa kowane yaro takarda mai lambar waya a cikin riga. Ku faɗa da baki wa ke riƙe da wane yaro, kada a ɗauka ɗayan yana lura. Ku ciyar da su kafin su yi kuka, ku riƙe ruwan sha. Wuri ɗaya ko biyu a rana ya isa, kuma ƙafar ƙaramin cikinsu ita ce ma'aunin tafiya. Abin da kuka yi musu alkawari, ku fara da shi.

Cikin wurare 12 da na rubuta, 5 muka gani. Ta tsakiya ta cika kwalba da ruwan teku ta riƙe a cinyarta har gida. Kakarsu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce gishirin ta yarda, amma maganar rashin ƙetare sai ta gani da idonta. Auta ta ce ita za ta kai ta, kuma za ta riƙe mata hannu.