Hajar da Ba a Aunawa da Mudu

Garin Kafanchan ya san ciniki tun lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, amma akwai wata haja da har yau ba mu iya tayawa ba, wato lasisin manhajar kwamfuta. Ba a aunata da mudu, ba a ɗaga ta a duba a rana. Ni kuwa da nake riƙe da ɗan shagon buga takardu, wanda ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ke rayawa, Microsoft Word ita ce garmata.

Hanya mafi sauƙi sananniya ce: mai gyara ya zuba maka kwafi daga filashi, ka ba shi na goro. Gaba da ita akwai masu tallan lambar buɗewa a WhatsApp. Sau da yawa lambar ta wani kamfani ce ko makaranta, aka sayar wa mutum barkatai. Ranar da aka toshe ta, mai tallan ya riga ya sauya layi, ga kuma ɗalibi tsaye a kanka da kundin bincikensa, jibi zai miƙa.

To, a sayi ta gaskiya daga kamfanin kai tsaye mana? Nan ma da magana. Microsoft 365 haya ce, duk wata ko duk shekara, farashinta kuwa inuwar dala yake bi. Dalar da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali kuɗin buga shafi bai yi irin wannan tsalle ba. Wanda ya saya kacokan ma ba har abada ba ne, domin an daina kula da Office 2016 da 2019 a Oktoban 2025.

Alal haƙiƙa, ni na fi karkata ga dillali mai izini, ko da sai na je Kaduna ko Jos. Ya fi tsada, amma yana da ƙofar da zan ƙwanƙwasa, da rasit mai ɗauke da sunan shagona. A wurinsa na sayi Office 2024, samfurin da aka yarje wa 'yan kasuwa, tunda na gida ba a halatta yin sana'a da shi ba. Na ɗora shi a kwamfuta guda. Ɗayar kuwa LibreOffice ke kanta, kyauta, sai dai takan karkatar da jadawali idan takardar daga Word ta fito, don haka wasiƙu da katin biki kawai nake ba ta.